Ina Daɗin Hutun Sanyi Ya Tafi?

Jawabin da aka gabatar a taron ƙarshen shekara na ƙungiyar 'yan unguwa

 

Shugaban taro, malamanmu Allah ya gafarta muku, dattawan unguwa, iyayenmu mata da ke zaune can baya, matasa da sauran jama'a, ina yi muku barka da zuwa, barkanmu kuma da sanyi.

Da sakatare ya same ni a rumfa ya ce wai ni zan yi magana bana, sai na ce masa ya sake shawara. Ni ba malami ba ne, ba kuma ɗan boko ba. Iyakata Islamiyya, daga nan sai kasuwa, kuma kowa a nan ya san sana'ata, gwanjo nake sayarwa a Katako. Ya ce ai abin da ya sa ya zo ke nan, domin mai sayar da rigar sanyi ya fi kowa sanin watan Disamba. To, tunda ya kama ni ta nan, sai na amsa. Idan na yi kuskure malamai su gyara mini.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana wani abu ne da ya faru a gidana. Autata ta tarye ni a ƙofa da magariba, ko takalmi ban cire ba, tana tsalle tana cewa, "Baba, saura kwana huɗu a ba mu hutu!" Ni kuwa ranar na wuni ciniki bai yi ba, ga mai rumfa ya aiko a kan kuɗin haya. Sai na ji bakina ya ce, "To, hutun ne zai biya kuɗin makaranta?" Yarinyar nan ta yi tsit, ta juya ta shige ɗakin uwarta. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Na tambayi kaina, ashe ba ni ne yaron nan da yake ƙirga kwanakin hutu da gawayi a bangon zaure ba? Yaushe na zama haka?

Ku bari in ɗan koma baya, saboda yaranmu da ba su ga zamanin ba.

Babbar Sallah ta farko da na iya tunawa sosai ita ce ta 1974, ina ɗan shekara shida. Ta faɗo a makon Kirsimeti. A lokacin ana ce wa jiharmu Benuwai-Filato, domin sai a 1976 aka yanke jihar Filato. Naira kuwa sabuwa ce fil, ba ta cika shekara biyu ba, tsofaffi ma ba su daina lissafi da fam da sule ba. Shekarar da ta biyo baya da wadda ta bi ta, duk Sallar layya a cikin Disamba aka yi ta. Saboda haka a ƙwaƙwalwata ta yaro, sanyi da Sallah da hutun makaranta da bikin maƙwabta duk abu ɗaya ne. Sai da na yi wayo na gane Sallah yawo take yi, shi ko hutun ƙarshen shekara yana nan inda yake.

Sanyin Jos kuwa ba sai na bayyana muku ba. Garin yana bisa tudu, sama da mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu ma'auni kan sauka wajen digiri 11 da dare, wani lokaci ƙasa da haka. Baƙonmu daga Kano ko Sakkwato idan ya zo yakan rantse ba zai kwana biyu ba. Amma mu a lokacin, sanyin nan shi ne mai shelar daɗi. Ranar da ka tashi ka ga hazo ya rufe duwatsu, ruwan randa ya zama kamar ƙanƙara, leɓe ya fara tsagewa, to ka san lokaci ya yi. Da asuba a hura wuta a tsakar gida mu kewaye ta, kowa da allonsa. Iya ta kama mu ɗaya bayan ɗaya ta goge mana kaushi da dutse, muna ihu, ta shafe mu da man kaɗanya har mu riƙa ƙyalli. Sannan a kawo kunun gyaɗa da ƙosai mai zafi. Ban ƙara shan kunu mai daɗin wannan ba har yau.

Gada Biyu ta wancan lokaci kowa da kowa ne. A layinmu akwai Bahaushe, akwai Birom, akwai Anaguta, akwai Jarawa, akwai Ibo da Bayarabe, kuma Hausa ce ke haɗa mu duka. Idan Kirsimeti ta matso, maƙwabcinmu yakan turo a kira mahaifina ya yanka masa akuya da kaji. Ba don bai iya yanka ba ne. Yana yi ne domin mu ma mu ci ba tare da shakka ba. Ranar bikin, tun hantsi kwanuka ke shigowa gidanmu: shinkafa da miya, cincin, nama. Idan Sallah ta zo, mu ne 'yan aike, mu ɗauki naman layya da masa mu bi gida gida. Ni a wannan zama ba fatawa na zo bayarwa ba, ga malamai nan. Abin da idona ya gani nake faɗi: iyayenmu ba su bar sallarsu ba, maƙwabta ba su bar cocinsu ba, amma kwano bai taɓa komawa wayam ba.

Da rana kuwa sai yawo. Mu haɗa 'yan kwabbanmu mu taka da ƙafa har gidan zu, mu ga zaki da birai, mu zarce gidan tarihi da aka buɗe tun 1952, mu tsaya kallon tsohon kan jirgin ƙasa. Wanda ya samu goron Sallah mai kauri ya sayi biskit ɗin NASCO, wanda a nan garin ake yin sa, ya gutsura wa kowa. Da dare mu taru a tagar mai talabijin guda ɗaya na layin, muna leƙe muna rawar ɗari. Kada ku manta, gidan talabijin na Jos shi ne ya fara nuna hoto mai launi a duk Nijeriya. Daren sabuwar shekara kuma sai ƙarar nokawut ta ko'ina, mu da 'ya'yan maƙwabta, ba mai tambayar wani sunansa.

To, ina wannan daɗi ya tafi? Na zauna na yi tunani irin na ɗan kasuwa, na ga abu huɗu ne suka cinye shi.

Na farko, da mu ake yi wa, yanzu mu ke yi. Yaro ba ya sanin kuɗin abu, daɗinsa kawai ya sani. Ni yau idan na ga hazo ya sauka, ba kunu nake tunawa ba. Tunanina dila nawa zan iya buɗewa, suwaita da bargo da hular sanyi za su fita kafin sanyi ya ɗaga ko za su kwana mini har baɗi. Disamba wata ne na biyan bashi da bin bashi. Abokan cinikinmu Ibo suna rufe lissafi za su tafi gida, mai haya yana jira, ga kuɗin makaranta na leƙowa daga Janairu. Mun sha wuyar tsarin SAP daga 1986, mun ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, aka kuma cire tallafin mai a watan Mayu na wannan shekarar, har buhun shinkafa ya haura Naira 80,000 a 2024. Mutumin da ke ɗauke da wannan kaya a ka, ina zai ga wurin tsalle?

Amma a nan akwai abin da nake so mu lura da shi. Muna yawan cewa zamanin da ya fi daɗi, komai arha. Hausawa kuwa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Bayan rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, mahaifiyata take ba ni labari cewa ragon nan na 1974, wanda nake ta yabo, sai da ya sayar da kekensa kafin ya saye shi. Wata uku yana zuwa kasuwa da ƙafa cikin sanyin nan. Ni ban sani ba. Na dai san na ga rago, na ci nama, an ɗinka mini riga. Ashe ba zamanin ne ke da sauƙi ba. Wani ne ya tare mana wuyar da ƙirjinsa, ya kuma shigo gida da fara'a. Wannan shi ne abin da na kasa yi wa autata ran nan.

Na biyu, sabo. Abin da ake jira shi ke da daɗi. A gidanmu shinkafa sai Juma'a ko ranar biki, sauran kwanaki tuwo ne, ko gwate idan maƙwabta sun miƙo. Sabon kaya sau ɗaya ko biyu a shekara. Shi ya sa yaro kan kwana da sabon takalminsa a ƙarƙashin matashi. Yau wanda Allah ya hore wa, shinkafa kullum ce, kallo kuwa yana cikin waya a aljihu dare da rana. Ba wanda zai tsaya a tagar wani. Kuma shekara ita kanta ta gajarce mana. Ɗan shekara shida idan ya jira shekara guda, ya jira kashi ɗaya cikin shida na duk rayuwarsa. Ni da na haura hamsin, kafin in gama biyan bashin wannan Disamba sai in ga wata ta ƙwanƙwasa ƙofa. Abin da ke zuwa da sauri haka ba ya barin mutum ya yi marmarinsa.

Na uku, mutanen da suka sa abin ya yi daɗi ba su nan. Da na ce ban ƙara shan kunu irin na da ba, ba gyaɗar ce ta canja ba. Hannun da ya dama ne babu. Ku lissafa da kanku, cikin waɗanda kuka kewaye wuta da su, nawa suka rage? Wasu suna maƙabarta, wasu suna Kano da Bauci da Abuja, wasu kuwa suna cikin garin nan amma shekara goma ba ku gaisa ba. Malamanmu na Islamiyya sun koya mana cewa shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 10 ko 11, don haka Sallah kan zagayo inda ta baro bayan kimanin shekara 33. Haka kuwa aka yi. A 2006 da 2007 Babbar Sallah ta dawo ƙarshen Disamba. Na tsaya a tsakar gida da wuƙa a hannu, ga sanyi iri ɗaya, ga hazo iri ɗaya, sai na ga ni ne a wurin da mahaifina yake tsayawa, ɗana kuma yana riƙe da ƙafar rago inda nake riƙewa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Na huɗu shi ne mai nauyi, kuma ba zan yi kamar ban san shi ba. A wasu garuruwa girma kaɗai ke rage wa mutum ɗokin biki. Mu a Jos an haɗa mana da tsoro. Tun daga 7 ga Satumba 2001 garin nan bai koma yadda yake ba. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone, da yawa a cikinku a nan kun kwana da jari kun tashi babu. Rikicin 28 ga Nuwamba 2008 ya zo saura kwana goma Babbar Sallah, muka yi ta cikin dokar hana fita, wasu a gidajen 'yan'uwa, wasu a sansani. Aka sake a Janairun 2010. Sannan a daren 24 ga Disamba na wannan shekarar bama-bamai suka tashi a nan Kabong da kuma Anguwan Rukuba, a daidai lokacin da mutane ke sayayyar bikinsu. Rayuka da yawa suka salwanta, na waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Allah ya isa ga duk mai zubar da jinin bayin Allah, ko wane ne shi.

Tun daga nan ƙarar nokawut ta daina zama wasa. Abin da muke gudu mu je mu kalla, yanzu idan ya fashe sai uwa ta fito da gudu tana ƙirga 'ya'yanta. Unguwanni suka rabu. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a wannan ɗaki a Gada Biyu aka yanke musu cibiya, amma yau daga Anguwan Rogo ko Rikkos ko Gangare suka zo taron nan. Haka su ma maƙwabtanmu na da, waɗanda suke cikin unguwanninmu, sun tattara sun koma inda suka fi samun kwanciyar hankali. Kowane ɓangare ya yi rashi, kowane ɓangare yana da kabarin da yake ziyarta.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da aka haifa bayan 2001. Yau sun zama samari da 'yan mata, wasu har da aure. Mu girma ne ya rage mana daɗin, amma mun ɗanɗana, muna da abin tunawa. Su fa? Akwai saurayi a garin nan da bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, bai taɓa kai kwano ba, ba a taɓa kawo masa ba. Abin da ya sani game da Disamba shi ne a ce masa, "Kada ka bi ta can, ka dawo kafin magariba." Wanda bai san mutum ba, duk abin da aka faɗa masa a kansa sai ya yarda. Ranar da mu masu tunawa muka ƙare, wa zai gaya musu cewa an taɓa zama lafiya a layi ɗaya?

To jama'a, ba kuka na zo mu yi ba. Ni dai abin da na fahimta shi ne, ɗokin nan bai mutu ba. Wuri ya sauya. Yana nan a jikin yarinyar da ta tarye ni a ƙofa. Nawa rabon na riga na ci, kuma ba zai dawo ba ko na sayi raguna goma. Abin da ya rage mini shi ne in zama mai tare wuya, kamar yadda aka tare mini. Saboda haka ina da roƙo guda huɗu, kuma ba mai bukatar kuɗi masu yawa a ciki.

Roƙona na farko ga iyaye maza ne, da ni a ciki. Mu bar lissafin kasuwa a bakin ƙofa. Yaro ba shi ya sa dala ta tashi ba. Ko ba ka da abin saya masa, kana da fuska. A cikin hutun nan ka ware yini ɗaya, ka rufe rumfa, ka kama hannunsu ka kai su gidan zu, ko gandun namun daji da aka kafa tun 1972 zamanin Gwamna Gomwalk, ko gidan tarihi su ga kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya, su san inda kakanninsu suka fito. Cinikin yini ɗaya ba shi zai talauta ka ba, shi kuwa yaron zai riƙe ranar har ya yi furfura.

Na biyu ga iyayenmu mata da kakanni. A dawo da hira. A kashe waya da talabijin ko na awa ɗaya ne, a kewaye kasko, a ba yara labarin unguwar nan: wa ya fara zama, wa ya haƙa rijiya, yadda kakanninmu suka zo aikin kuza da fatauci. Amma don Allah a riƙa fitar da gawayi waje kafin a kwanta, kada a rufe ɗaki da shi, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji ba.

Na uku ga ƙungiya. Muna da marayu, kuma mun san dalilin maraicin da yawansu. Yaron da ke kwana ba bargo a sanyin Jos ba ya murna da zuwan Disamba. Ina ba da shawara kowace shekara, tun watan Nuwamba, a buɗe asusun rigar sanyi. Ni na ɗauki alkawari a gaban malamai, dila ɗaya ta suwaitar yara daga rumfata, kuma ina kira ga 'yan'uwana 'yan gwanjo kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Idan an zo rabo kuma, kada a tambayi yaro sunansa kafin a ba shi. Sanyi bai san Musa da Moses ba.

Na huɗu shi ne mai wuya, na sani. Kowannenmu yana da tsohon maƙwabci ko abokin wasa da rikici ya raba su. Ka nemi lambarsa. Ka kira ka ce, "Yaya iyali, yaya sanyi?" Idan hali ya yi, kuma hanya lafiya, ka je da ɗanka ya gan shi. Ban ce kowa ya jefa kansa cikin hatsari ba, ban kuma ce a manta da abin da ya faru ba. Amma addininmu ya girmama haƙƙin maƙwabci, kuma bai ce sai maƙwabci Musulmi ba, malamai suna nan su gaskata ni ko su gyara. Zumunci a ƙafa yake. Ni na gwada. Na nemo ɗan mutumin nan da mahaifina ke yi wa yanka, muka haɗu a Farin Gada wajen masu kayan miya. Ya yi furfura kamar ni. Abin da ya fara tambayata shi ne, "Har yanzu ana yin masar nan a gidanku?" Muka yi dariya, muka yi shiru, kowa ya share ido. Da Sallar da ta biyo baya na aika masa da ita.

Masu lissafi sun ce Ƙaramar Sallah za ta faɗo cikin sanyi daga wajen 2031 zuwa 2033, Babbar Sallah kuma za ta sake haɗuwa da makon Kirsimeti wajen 2039. Idan da rai, lokacin na haura saba'in. Wataƙila ina nan, wataƙila ba na nan, Allah ne masani. Amma yaran da ke wasa a ƙofar ɗakin taron nan yanzu, su ne za su riƙe wuƙa ran nan. Abin da za su yi da naman, ko su rufe ƙofa su ci su kaɗai, ko su cika kwano su aiki yaro, ya danganta da abin da suka gani a hannunmu yau.

Game da autata kuwa, washegari na kira ta na ce ta kawo gawayi. Muka je bangon zaure muka ja layi uku, na nuna mata yadda ake share ɗaya kowace safiya. Uwarta ta yi faɗa a kan an ɓata bango. Na ce a bar shi, fenti nawa yake?

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka ɗauke mana nauyi ba mu sani ba. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa. Allah ya zaunar da garinmu Jos da jihar Filato da Nijeriya lafiya, ya buɗa mana kasuwa, ya shirya mana zuriya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ku yafe mini.